Layin Da Na Ƙi Saukarwa

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗiyata mai kumatu. Ya ƙafar taki, ta saki?

Ni dai jikina lau, zuciyata ce a cunkushe. Yaya, adabi na zo karanta, amma an ɗora mana darasin tattalin arziki, wai dole ne. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shi baɗi tare da sababbin ɗalibai. Kin san ni da kunya, ina zan sa kaina?

Mu kusan ɗari uku ne a ɗakin lakca, fanka ɗaya ke juyi. Malamin, Mai Alli muke ce masa don har girarsa fari take yi, ya koya mana wai daɗin abu raguwa yake in ana ƙara shi: kofin ruwa na farko ya fi na biyar. Ya zana layi yana gangarowa, ya ce kowa ya kawo misalinsa da zane.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya gida, ya ɗiyata? Allah ya sa kun fi ni kwanciyar hankali.

Na jawo wa kaina. Misalin da na kawo na wata budurwa ce da saurayinta ke aiko wa wasiƙu daga nesa. Shafi huɗu na cika, har ruwan sama na sa a ciki. Da na zo zanen, wallahi hannuna ya ƙi. Ta yaya wasiƙa ta goma za ta gaza ta farko daɗi? Duk littattafan da ke ƙarƙashin katifata babu inda aka yi haka. Sai na ja layina sama.

Mai Alli ya ɗaga takardata a gaban aji, ya karanta har wurin ruwan saman, yana maƙale murya kamar mace. Ya ce misalin ya fi na kowa, zanen kuma ya fi na kowa lalacewa. Maki uku cikin ashirin ya ba ni! Aka yi ta dariya, har da mai tabaran nan na layin gaba da na taɓa ba ki labari. Yanzu ko famfo na je sai na ji ana cewa ga Wasiƙa Ta Goma nan.

Na daure na je ofishinsa, na fi minti ashirin a bakin ƙofa kafin na ƙwanƙwasa. Bai ko ɗago ba. Wai shi ba ruwansa da zuciyata, shekararsa ashirin da aure kuma layi gangarowa yake. In na sake ja masa shi sama ranar jarrabawa, mu haɗu baɗi.

Abin haushin, da misalina yake koyarwa yanzu, kowa ya gane darasin ta kaina, ni ce mai uku.

Jarrabawar jibi ce. Na zana layin nan yana gangarowa sau talatin a bayan littafina, don hannuna ya saba. Zan ba shi abin da yake so, ba zan maimaita ba.

Amma Yaya, ke da kika shekara shida da aure, tsakaninki da Allah, gangarowa yake? In eh ne, kada ki ba ni amsa. Ki aiko min da hoton ɗiyata kawai, zan gane.

Taki har kullum,
Auta