Smultron Ɗina Sun Yi Ƙaura Gidan Rune

Asabar, 4 ga Mayu
Na zuba wa smultron ɗina kashin kaji buhu guda. Su ne 'yan sitiroberin dajin da Mama ta tono daga bayan ƙauyenmu tun ina 'yar makaranta. Bakwai ga Yuli za ta cika casa'in da biyu, kuma ba a taɓa bikin haihuwarta ban tsire mata su a tsinken ciyawa ba. Tun Kirsimeti ba ta kira sunana ba. Jiya a gidan tsofaffi ce mini ta yi, "Malama, an canja zanin gado?"

Lahadi, 19 ga Mayu
Ganye masha Allah, kowanne ya kusa tafin hannuna. Fure ko ɗaya.

Litinin, 3 ga Yuni
Rune maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge da kofi a hannu, wai, "Gunvor, salak kika shuka bana?" Mutumin da rabon lambunsa da fartanya tun rasuwar matarsa! Dama ba ma shiri tun da akuyar ƙanensa ta cinye mini wake.

Laraba, 12 ga Yuni
Dodon koɗi sun yi walima. Ko su ganye kawai suka samu.

Talata, 25 ga Yuni
Yau na ga abin takaici. Na durƙusa cire ciyawa gindin shinge, sai ga yaɗon smultron ɗina ya bi ta ƙarƙashin katako ya shige gidan Rune. Na leƙa ta kafa. Jajur! Cikin tsakuwa da ciyayi, kewaye da tsohon kekensa mai tsatsa. Ni na ba su taki da ruwa, har hira nake musu, su kuwa suka je suka haihu a gidan malalaci. Butulai.

Talata, 2 ga Yuli
Ba sata ba ce, ai jikokin shukata ne. Na zura hannu ta ƙarƙashin shinge, na samu uku, hannun riga ya maƙale a ƙusa. Ina kwance rubda ciki sai na ga takalmansa.
"Sannu da aiki. In kawo miki matashi?"
Na ce nawa ne. Ya ce, "To ki kira su mana, in sun san muryarki za su dawo."
Shi ya ciro mini rigar. Ukun ma sun murƙushe a hannuna.

Asabar, 6 ga Yuli
Na sayo sitiroberin kanti, manya, ba ƙamshi. Na zauna ina kallonsu, sai kuka. Mama ta manta ni, amma na tabbata ba ta manta ɗanɗano ba.
Da hantsi na gasa burodin kirfa na je na buga masa ƙofa. Na faɗa masa komai a tsaye, ina hararar kekensa don kada in dube shi. Bai yi tsiya ba, abin da ya ba ni haushi ke nan, don na shirya amsa. Ya tsinko ciyawa mai tsawo, muka durƙusa muna tsirewa. Yana sa ɗaya a tsinke, biyu a baki.

Lahadi, 7 ga Yuli
Motata ta ƙi tashi, shi ya kai ni. Mama ta karɓi tsinken ta daɗe tana shinshinawa. Ta zare ɗaya ta ci, ta duba sauran sama da ƙasa.
"Gunvor, kin cinye manyan a hanya ko? Halinki dai!"
Na ce wallahi ba ni ba ce, na nuna Rune, hawaye na zuba ina dariya. Ta ƙare masa kallo. "Wannan ne mijin? A yi masa aski."
Kafin mu fito na sake zama Malama. Ba komai. Ta faɗi sunana, kuma ina da shaida.

Lahadi, 14 ga Yuli
Na daina taki, ashe yawansa ne ya sa suka yi ganye ba 'ya'ya. Na cire katako biyu daga shingen, saboda shuka kawai, su riƙa kai da kawowa. Ƙofar ta ɗan yi faɗi, har mutum da kofi biyu zai iya wucewa.
Ya yi aski.