Ƙorafi Kan Ƙuri'ar Marigayi Malam Ziblim

Daga: Farhana Ziblim, Dabokpa, Tamale
Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Abdulwahabu, Shugaban Ƙungiyar Maɗinka Batakari ta Sakasaka
Ranar: 16 ga Afrilu, 2025

Game da: Ƙuri'ar da aka kaɗa da sunan mahaifina bayan rasuwarsa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce babbar 'yar marigayi Malam Ziblim, mai rumfar ɗinkin rigunan batakari ta bakin ƙofar kasuwa. Ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun bara ƙungiya ta daina zama a kan tabarma, ta koma taro da ƙuri'a ta manhajar waya, wai don a daina ɓata lokaci. Baba bai so ba. Ya ce shi bai iya yanke magana da mutumin da bai ga idonsa ba, amma ya bi.

2. Baba ya rasu ranar 3 ga Afrilu. Kafin a ɗauki gawa, sakatarenku, Malam Usumanu, ya karɓi wayarsa a hannuna, wai zai sanar da membobi. Har yau bai dawo da ita ba.

3. Al'adar ƙungiya ce ba a taɓa rumfar mamaci sai an yi addu'ar arba'in, sai fa in shi da kansa ya sallama ta. Ranar 12 ga wata, kana Kumasi jinya, aka yi taro a manhaja kan miƙa rumfarmu ga wani baƙo. Sunan Baba ya fito cikin mahalarta, da hotonsa. Wai ya danna amincewa, aka ɗauka shi da kansa ya sallama rumfar. Dattawa duk sun gani, babu wanda ya yi tari. Da na tunkari Malam Usumanu, dariya ya yi, ya ce inji ba ya ƙarya, abin da manhaja ta ƙirga shi ne hukunci.

4. Shekaranjiya saƙo ya shigo mini daga lambar Baba, yana cewa in yi haƙuri in bar maganar, domin ina da ƙanne masu zuwa makaranta su kaɗai. Ranka ya daɗe, Baba bai taɓa rubuta saƙo ba, murya yake turawa.

Don haka ina roƙon a dakatar da miƙa rumfar da aka sa ranar Asabar, a rufe sunan marigayi a manhajar, a karɓo wayar, sannan a kira zama ido da ido. Da keken ɗinkin wannan rumfa muke ci, mu shida. Na hana ƙannena fita tun jiya. Ranar Asabar kuwa, in Allah ya kai mu, za a same ni zaune a kan keken Baba. Wanda zai karɓi makulli ya zo da kansa, mu ga fuskarsa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka mai biyayya,
Farhana Ziblim