A Dawo Mana da "Riƙe Min"

Zuwa ga Alhaji Manajan kamfanin man gyaɗa na garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Sa'a mai suyar ƙuli a kasko na ƙarshe. Ban iya ɗaga murya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun kafin tsadar nan, mu matan suya muna da 'yar ƙungiyarmu da muke kira Riƙe Min. Ba shugaba, ba taro. Wadda hayaƙi ya juya wa kai ta ce "riƙe min", ta kusa da ita ta karɓi matsaminta, ita kuma ta kwanta a gindin darbejiya har jirin ya sake ta. Ƙuli bai taɓa ƙonewa ba.

Sai ka je bita Kano, ka dawo ka raɗa mana sabon suna, Kwamitin Walwalar Ma'aikata, ka naɗa Malam Sale mai sito shugaba. Ga abin da muka gani:

Na ɗaya, motsa jiki. Matan da suka tako daga ƙauyukan hanyar Kunci, cikinsu ba ko koko, su ake jerawa da safe ana cewa su ɗaga hannu su yi tsalle. Alhaji, jikin nan a motse yake zuwa.

Na biyu, Malam Sale ya yi mana nasiha mu rage cin nama. Mun karɓa. Rabonmu da shi tun layya, ita ma ta maƙwabta.

Na uku, shi ne ya hana ni barci. An ce ba mai barin kaskonta sai da izinin shugaban walwala. Ranar kasuwar Makoda jiri ya ɗebi Yaya Habi, mai hawan jini, aka nemi shugaba aka rasa. Ba zan ce kasuwa ya tafi ba, don ban gani ba, kada in ɗauki alhakinsa. Na dai ga ya dawo da akuya. Da ban cafko zaninta ba, da cikin tafasasshen mai ta faɗa. Washegari aka ce ta zauna gida tunda ba ta da lafiya. Jikokinta marayu da wannan kaskon suke ci.

Roƙona, don Allah, a mayar da Yaya Habi bakin aikinta, a bar mu mu riƙe wa juna kamar da. Walwalar kuwa mun yafe wa Malam Sale, ya tafi da ita sito. In ta yi masa nauyi, ya ce "riƙe min". Mu ba ma tambayar izini.

Allah Ya ƙara arziki, Ya tsare ka da jiri a inda ba mai riƙe maka.

Wassalam.

Sa'a mai suyar ƙuli