Ƙeyar Baba a Jikin Naira Ɗari

Agege, Legas
4 ga Maris

Zuwa ga matata Fareeda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jego, yaya 'yar jaririyarmu Mariamu? Ina fatan ruwan wankan bai fi ƙarfinki ba. Ki gaishe min da Alhaji da Hajiya da duk mutanen Zariya. Na ba Khamisu direban tirela wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce, na san a falo kike amsa kirana.

Wataƙila kin ji zancen naira ɗari ta ƙarfe da ake son bugawa. Kwamitin da aka naɗa ya tace zane huɗu, za su bi gari-gari su ji ra'ayin jama'a kafin su tsayar da ɗaya. Akwai na gada, akwai na gyaɗa da koko, akwai na wata mata mai saƙa. Na huɗun wana, Yaya Mu'az, ne ya zana shi. Shi ɗin dai, mai sassaƙa hatimi a rumfar bakin titin jirgi.

Mutum ya zana ta baya, da kwandon tumatir a ka, wuyansa ya lotsa. Ina gani a jarida na gane ƙeyar Baba, har da kantar nan da gammo ya bar masa. Bai tsaya nan ba, sai da ya rubuta a ƙasa: Malam Gambo, ɗan dako, kasuwar Mile 12, shekara talatin da takwas yana dako.

Fareeda, kin tuna ranar neman aurenki mun ce wa Alhaji Baba dillalin tumatir ne. A ofis ma haka oga ya sani. Ke kin ce ba ki damu ba, na gode, amma ni nake shiga ofis a Apapa kullum da taye a wuya. Na je na roƙi Yaya ya janye, ko ya cire sunan. Ya ci gaba da fiƙe robarsa, bai ko ɗago ba. Baba kuwa ya yanke hoton ya liƙa a ƙofar ɗakinsa, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya nuna masa.

Don Allah ki ɗauke jaridar ranar Litinin daga teburin Alhaji.

Naki har kullum,
Jabir

Agege, Legas
19 ga Maris

Masoyiyata Fareeda,

Bayan sallama, ina gajiya, ina kwanan Mariamu? Na ji an ce ta fara murmushi. Gidan nan ba daɗi babu ku. Na gaji da abincin buka na bakin titi.

Jiya aka yi taron a babban ɗakin taro na nan unguwa, kuma alhamdulillahi komai ya wuce lafiya. A matsayina na sakataren ƙungiyar 'yan Arewa, ni aka ba minti biyar in yi magana da yawun mutanenmu. Baba ya zo da sabuwar shadda fara, wadda Yaya ya ɗinka masa. Ya taho da tsofaffin abokan dakonsa wajen goma, suka cika layin gaba.

Da Turanci na yi magana, irin wanda 'yan kwamiti ke ji. Na ce shekara nawa muna garin nan ana kiranmu aboki, ana miƙo mana kaya ko da mun sa kwat. Yanzu kuma a buga wannan a ƙarfe, ya shiga aljihun kowane kwandastan motar danfo? Na ɗaga hoton na ce ku duba da kyau, ko fuska ba shi da ita, wannan ai jaki ne mai ƙafa biyu. Na ce in dabbar dako ake so a kuɗin ƙasa, a sa jakin gaske, shi aƙalla yana da kyan kunne.

Ɗakin ya kaure da dariya. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ba ta yi dariya ba. Ta duba takardarta ta ce ta ga sunana Jabir Gambo, ko na san mai hoton? Na ce mata Gambo sun fi dubu a Legas.

Kin san kunnen Baba ya yi nauyi, kuma Turancinsa na kasuwa ne. Da ya ga ɗansa riƙe da hotonsa mutane na tafi, sai ya miƙe tsaye shi ma yana tafi, yana juyawa yana nuna ƙirjinsa don a san shi ne. Abokansa suka miƙe suka taya shi. Wasu samari a baya suka fara kukan jaki, ya ɗaga musu hannu yana godiya.

Aka ɗaga hannu don zaɓen zane. Gada ta samu ɗari da sittin, zanen Yaya goma sha uku. A bakin ƙofa Baba ya riƙe hannuna ya sa min albarka, ya ce bai taɓa sanin na iya magana haka ba. Ya tambayi Yaya me na ce. Yaya ya ce masa, yabonka ya yi, Baba, mu je gida.

Kada ki ga laifina. Mutuncin mu duka na kare, har da na Mariamu. Oga ma ya kira ni da safe ya ce na burge shi.

Mijinki mai kewarki,
Jabir

Agege, Legas
6 ga Afrilu

Fareeda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da su Alhaji. Da fatan zazzaɓin Mariamu ya sauka. Daga bakin Khamisu na ji, tunda kwana tara ke nan ba kya ɗaukar wayata. Takardarki mai layi uku ta iso. Na karanta.

Ban san wanda ya ɗauki bidiyon ba, ban kuma san wanda ya ɗora masa fassarar Hausa ba. Ya zaga Mile 12 kafin ya iso Zariya. Malam Badaru, abokin Baba, shi ya kara masa wayar a kunne. An ce sau uku ya sa aka maimaita masa wurin da na ce Gambo sun fi dubu.

An sanar da sakamakon ƙasa baki ɗaya, gada aka ɗauka. A bayaninsu sun ce zanen Yaya ya zo na ɗaya a garuruwa biyar, amma sun ajiye shi saboda mutanen mai hoton da kansu sun ce cin mutunci ne. Yaya ya rufe rumfarsa. Na ga wani mai gyaran waya a ciki.

Ranar Asabar na sayi buhun shinkafa na tafi gidan Baba. Na sa aka sauke a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa na gaishe shi. An ɓamɓare hoton daga ƙofar. Baba ya cire hularsa, ya naɗe tawul ya yi gammo, ya ce wa Malam Badaru ya ɗora masa buhun. Malam Badaru ya ƙi, sai ya tsuguna ya ja buhun da kansa. Sau biyu yana faɗuwa a gwiwa kafin ya miƙe. Mutumin da ya haura saba'in, Fareeda. Ya bi lungun nan da shi a ka, matan gida duk sun fito, ni ina biye ina roƙonsa. Ya kai bakin titi ya jefa a but ɗin motata, ya tsaya yana haki.

Sannan ya ce, oga, an kai kaya, a sauka lafiya.

Tun ranar yana kwance, bayansa ya riƙe. Yaya ya ce in na sake taka gidan zai fasa min gilashin mota.

Kin rubuta cewa Alhaji ya ce bai taɓa ƙin ɗan ɗan dako ba, da ma ya sani tun kafin a ɗaura aure, ya yi shiru ne don kada in ji kunya. Me ya sa ba wanda ya gaya min? Da kun faɗa, da duk wannan bai faru ba.

Arba'in ɗinki ta wuce da mako biyu. Na gyara ɗaki, na sayi gadon jariri. Ki gaya wa Khamisu ranar da zan zo in ɗauke ku, ko da baki ne, in ba kya son rubutawa.

Ni ne mijinki,
Jabir