Layin Tayil a Ɗakin Aina'u

Gidan Ɗanbaƙo, ta Gezawa

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ka, ta ce ƙafar da sauƙi. An yi ruwan shuka, Yaya Sani ya shuka maka gonarka tare da tasa.

Usaini direba zai kai kayan gwari Abuja, shi zai kawo maka wannan takarda. Da yamma matan gidan nan kowacce waya a kunne, tana hira da mijinta. Ni nawa mijin Allah bai ba shi ji ba, maganarmu ta hannu ce. Kiran bidiyo kuwa ka ga yadda muka ƙare da shi: sabis ɗin garinmu sai ya daskarar da hannunka a sama, in zauna ina jiran ƙarshen magana har kiran ya yanke. Gara takarda, ita ina iya ɗauko ta in sake karantawa.

Ga abin da ke damuna. Tayil ɗin da ka shimfiɗa mana kafin ka tafi, na ragowar ayyukanka, wani shuɗi wani ruwan ƙasa, har yanzu mata na shigowa kallo. Amma farin simintin da ka cike layukan da shi ya yi baƙi. Damina ta shigo, kowa da taɓo a ƙafarsa, ga manja ya zube wajen ƙofa. Na goge da tsumma har na gaji, fuskar tayil na ƙyalli, layin kuwa kamar an ja masa kwalli. Asama'u matar Yaya Sani ta ce in zuba ruwan batir. Na ce ba zan taɓa aikin hannunka ba sai na tambaye ka.

Ummi ta fara rarrafe. Duk abin da ta tsinta a layin nan sai baki. Ka tafi tana kwance inda aka ajiye ta, yanzu sai an rufe ƙofa.

Yaushe ginin zai ƙare?

Taka,
Aina'u

Abuja

Wa'alaikumus salam, Aina'u.

Na ga takarda. Na karanta a wurin aiki, na sake karantawa a masauki. Ki gaishe da Inna da Yaya Sani.

Kada ki zuba ruwan batir. Zai cinye simintin, zai ƙone miki hannu. Kada ki sa soson ƙarfe.

Na ba Usaini leda. A ciki akwai hodar bekin soda, mai cin datti, da ƙaramin buroshin fenti, da kwalba mai farin ruwa. Mu muna ce masa sila. Shi ne yake toshe layi, datti ba ya shiga. Shi ya kamata in shafa kafin in taho, motar aiki ba ta jira ni ba.

Ki kwaɓa hodar da ruwan ɗumi kamar ƙullun ƙosai. Ki shafa a layi, ki bar shi ya jiƙa. Ki dirje da tsohon buroshin haƙori. Wajen manja ki ƙara omo. Ki ɗauraye. Ki bari ya bushe sarai, ko zai kwana biyu. Sannan sila, layi bayan layi. Wanda ya hau fuskar tayil ki goge tun bai bushe ba. Ki buɗe taga, ki kai Ummi ɗakin Inna. In kin gama ki ɗiga ruwa a layi. In ya tsaya kamar raɓa a ganyen gwaza, ya yi.

Kada ki yi duka rana ɗaya. Gwiwa za ta yi ciwo. Ni na sani.

Ginin ya kusa ƙarewa. Amma injiniya ya ga aikina, ya rubuta mini a takarda yana so in bi shi Fatakwal, wani babban otal, har baɗi. Ban ba shi amsa ba. Irin wannan aikin ba ya samun kurma kullum.

A nan ba wanda ya iya hannu. Sai nuni, kawo siminti, kawo ruwa. Hannuna yana aiki wuni guda amma bai yi hira ba tun da na bar ki.

Mijinki,
Hashimu

Gidan Ɗanbaƙo

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ƙoƙari. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri.

Na fara daga bayan gado, kullum kaɗan, in na gama abincin rana. Gaskiyarka, gwiwa ta gaya mini. Amma da na ga fari na fitowa ƙarƙashin buroshi sai na kasa dainawa. Ina bin layin ina tuna ka durƙushe a wurin, fensir a bayan kunne, kana ɗago kai kana tambayata da gira ko ya miƙe.

Maganar Fatakwal ba zan ce komai ba tukuna, sai ka ji wannan. Na so in bari sai ka dawo, na ga ba ni da ikon riƙe ta ni kaɗai.

Ranar Talata ina dirzar layin gindin kabad, Ummi na zaune ta ba ni baya, tana wasa da murfin kwalba. Da na miƙe sai kafaɗata ta tunkuɗo babban tiren nan na ƙarfe, ya faɗo a kan tayil. Kai ba ka san irin ƙarar ba, amma kajin tsakar gida sai da suka watse, Inna ta saki salati daga ɗakinta. Ummi ko motsi. Murfinta kawai take juyawa.

Na kira sunanta. Na tafa a bayan kanta. Na ɗauki tiren na sake bugawa da gangan. Asama'u ta shigo da gudu, ta ce, "Haba Aina'u, wasa ne ya ɗauke mata hankali." Inna ta dogaro sandarta ta tsaya a ƙofa, ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, "Haka ubanta ya yi mini. Shi taɓarya ce ta faɗi."

Da ƙasa ce daɓen ɗakin, da ƙila sai ta shekara biyu ban gane ba.

Yaya Sani zai kai mu asibiti Kano ranar Litinin. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na ɗauke ta, ta kalli fuskata ta yi dariya, irin kallon nan naka da ba ya barin fuskar mutum.

Ka rubuto mini.

Taka,
Aina'u

Gidan Ɗanbaƙo

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Da fatan kana lafiya. Inna na gaisuwa. Gero ya fara fidda kai.

Usaini ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Malam Usaini, ka dai ba shi?" Ya ce, "Hannu da hannu. A kan buhun siminti ya zauna ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu, ya koma ya durƙusa. Na taɓa kafaɗarsa, ya girgiza mini kai."

Likita ya tabbatar. Kunnuwan duka biyu ne, kuma da shi aka haife ta. In shirun nan naka na ganin laifinka ne, to ka ajiye shi. Na aure ka ina sane, ban kuwa taɓa zama na ce da na sani ba. Abin da Allah ya ba mu ke nan, kuma kyakkyawa ce.

Layi ya bushe, na shafa sila. Na ɗiga ruwa ya tsaya ɗas, bai shige ba. Ɗakin ya koma kamar ranar da ka gama shi, sai dai babu kai.

Bayan shafawar na gano wani abu. Da na dawo da Ummi ɗaki, na ƙwanƙwasa tayil da gindin buroshi don in ji ko akwai wanda ya saki. Sai ta juyo. Tafin hannunta na ƙasa, ta ji a jikinta. Yanzu haka nake kiranta, in buga ƙasa ta rarrafo. Jiya ita ta fara bugawa, tana kallona.

To amma in ta zo me zan ce mata? Hannun da na iya na zaman gida ne: ruwa, tuwo, zo, bari, sannu da zuwa. Ba zai ishi yarinya ta tashi da shi ba. Ba na hana ka neman abinci. Ni dai na iya jira, na saba. Ita ce ban sani ba ko za ta iya.

Taka har kullum,
Aina'u

Abuja

Wa'alaikumus salam, Aina'u.

Ki yafe mini shiru. Na ɗauki biro, hannu ya ƙi.

Na tuna ina yaro. Gida cike da mutane, baki na motsi, ni ina gefe. Sai da aka kai ni makarantar kurame na san komai yana da suna, har ni. Ummi ba za ta yi wannan zaman ba.

Na gaya wa injiniya ba zan je Fatakwal ba. Ana gini a Ungogo, ba zan rasa ba. In Allah ya yarda zan biyo Usaini ranar Juma'a.

Mu kurame kowa yana da suna na hannu, ban da na yanka. Na samo wa Ummi nata. Na yi ta gwadawa a gaban gilashin taga. Ba ya rubutuwa a takarda. Sai na zo in nuna muku.

Mijinki,
Hashimu