Kuɓewar Inna da sanyin Dubai

Baban Nana,

Na wuce aiki kana barci. Kunun gyada na cikin fulas.

Jiya na shigo da kuɓewata daga baranda saboda rana na neman ƙone ta, bokiti huɗu, na jera a falo. Kai kuma ka dawo daga kasuwar Murshid Bazaar kana gumi, ka sa AC a sha shida ka manta da shi. Yau na tarar uku sun langaɓe.

Shekara talatin Inna tana shuka irin nan a bayan gida a Bichi, rana ba ta taɓa kashe mata ko ɗaya ba. Ni na kawo shi hamada, sanyi ya cinye. In na faɗa mata, za ta ce Landan muka koma ba sallama.

Irin ya ƙare, ɗayar nan ce ta rage. Na lulluɓa mata rigar sanyinka, don Allah kada ka cire.

Rimot ɗin AC yana jakata, khalas, magana ta ƙare. In zafi ya dame ka, akwai kujera a baranda. Kuɓewar ma wata biyu ta yi a can.

Wasila