Maganar da Inji Ya Haɗiye

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Ya ciwon gwiwar? Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Auta ta koma makaranta, gidan ya yi mini girma.

Yaya, akwai abin da na kasa faɗa miki a waya don na san kuka zai ƙwace mini. Muryar Baban Auta tana ɓace mini. Fuskarsa tana nan, har tabon da zarto ya bar masa a babban yatsa ina gani in na rufe ido. Amma in na ce bari in tuna yadda yake kirana, sai in ji shiru. Kin san shi da waya, bai taɓa aiko saƙon murya ba, cewa yake mai son magana da shi ya zo ya same shi.

Abu ɗaya ya rage, wani ɗan bidiyo da Auta ta ɗauka da wayata a shagonsa na kafinta gab da rasuwarsa. Ga ni a bakin ƙofa da kular abinci, shi yana bayan injin yankan katako. Ya ɗago ya yi mini magana, na ce me ka ce, ya yi dariya ya taho ya karɓi kular, shi ke nan bidiyon ya ƙare. Bakinsa yana motsi, amma injin ya haɗiye komai. Ranar ma ban ji ba, ban kuma sake tambaya ba, ina ganin akwai gobe.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta kai ni wurin wata mata mai haɗa bidiyo, a wani ɗan ɗaki saman shagon magani. Yaya, ashe ana ganin sauti da ido. Ta sa bidiyon a kwamfuta, sai ga wani zane mai kauri kamar igiyar rijiya. Ta ce wannan ƙarar injin ce. Ta nuna wasu 'yan tsinke-tsinke da suka leƙo ta samansa, ta ce Mama, ga mijinki nan. Na daɗe ina kallonsu.

Ta ce kwamfutar tana iya cire ƙara, amma sai an fara ba ta ƙarar ita kaɗai ta saurara ta haddace, kamar yadda ake nuna wa yaro tsakuwa kafin a ba shi tsintar wake. To a bidiyon nan babu inda injin ya samu fili shi kaɗai, don Auta ba ta rufe baki ba tun farko har ƙarshe. Matar ta yi dariya ta ce 'yar nan taki ta fi injin aiki. Sai ta tambaye ni ko injin yana nan. Na ce yana nan, a kulle, makullin yana hannuna, kuma ban taka shagon ba tun ranar da aka fito da Baban Auta daga cikinsa. Ta ce to sai na je na kunna na ɗauko mata kukansa.

Ki yi mini addu'a, ban san ko zan iya ba.

Ƙanwarki,
Maman Auta


Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutan gida. Na ji kin samu sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ni ce kuma yanzu nake ɗingishi, ga yadda aka yi.

Na je shagon da safe. Ina buɗe ƙofa ƙamshin katako ya tare ni, sai da na dafa bango. Komai yana inda Baban Auta ya bar shi. Fensirinsa a kan teburi, wata kujera mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu, rigar aikinsa a rataye da garin katako a kafaɗa. Ban kakkaɓe ba.

Mai bidiyo ta ce in ajiye wayar daidai inda Auta ta tsaya, in kunna injin, in yi shiru, ko tari kada in yi. Na san koren maɓallin, na sha ganinsa yana dannawa. Na yi bismillah na danna. Yaya, injin nan ya tashi kamar jiya aka kashe shi, da 'yar ƙarar nan tasa mai kama da haƙora na karo, wadda na sha yi masa mita a kanta. Na tsaya ina toshe bakina da mayafi, hawaye na zuba, ina tsoron kada shessheƙata ta shiga wayar kwamfuta ta haddace ta ita ma.

Da na kashe na juyo zan fita, ido duk ruwa, sai na taka ƙusa. Ta huda silifa ta shige tafin ƙafata. Mai shagon magani ya wanke ya yi mini allura, ya ce Mama, shagon kafinta kuma da silifa? A haka na hau benen da ɗingishi na miƙa wa mai bidiyo wayar. Ta saurara ta ce ya yi, in dawo jibi.

A gaida yara.

Ƙanwarki,
Maman Auta


Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, kada ki damu.

Na ji shi, Yaya.

Mai bidiyo ta zaunar da ni ta sa mini abin saurare a kunne. Ina kallo ta danna, igiyar nan mai kauri ta zube ta zama zare, 'yan tsinken suka miƙe tsaye. Da farko ta cire ƙarar tas, sai muryar ta fito siririya kamar mai magana a cikin gwangwani. Na ce wannan ba shi ba ne. Ta ce haka ne, in aka matsa wa wanki har da murya ake wankewa. Ta riƙa mayar da injin kaɗan kaɗan tana kallon fuskata, har inda na riƙe hannunta. A nan muka tsaya. Injin yana can nesa yana kukansa, shi kuma yana kusa, kusa ƙwarai, har numfashin da yake ja kafin ya yi magana na ji. Tsarki ya tabbata ga Allah. Ashe muryar tana nan duk watannin nan, a cikin wayar da nake kwana da ita, an dai rufe ta ne.

Kin san me ya ce? Na yi ta saƙa manyan maganganu a raina, har na ɗauka wasiyya ce. Cewa ya yi, “Tsaya nan, Hajiya sarkin sauri, akwai ƙusa a ƙasa, ke kuma ba kya duba gabanki.” Sai muryata, me ka ce. Sai dariyarsa.

Na dubi ƙafata a naɗe da bandeji. Dariya ta kama ni, kuka ya biyo ta, matar ta rasa wanne za ta taya ni, sai ta taya ni duka biyun. Ta tambaya ko ta yanke wurin da nake cewa me ka ce, tunda yanzu an ji. Na ce ta bar shi.

Na tura wa Auta, ke ma zan turo miki. Jiya na sayi takalmi rufaffe, gobe zan koma in share shagon. Da safen nan na sake kunna bidiyon, da ya gama maganar na dakatar kafin muryata ta shigo, na ce na ji, Baban Auta.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Maman Auta